Saitin kamfani ɗaya ko haɗe-haɗe? Amsa ga mai tsofaffin sifiku da batirin sola

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura. Yayana da ya yi zaman Legas ya bar mini manyan sifiku biyu na Kenwood, irin masu akwatin katakon nan, sai dai amfilifayarsu ta daɗe da mutuwa. Bana na sayar da riɗi, ina so in haɗa kayan sauti a ɗakina saboda jin karatu da labarai, da kallon ƙwallo ni da yara. Na shiga Kano, wani mai shago ya ce in ba Kenwood na samo ba, duk abin da na jona musu ƙonewa zai yi, gara in ajiye su in ɗauki sabon hom tiyata na kamfani ɗaya. Wani kuma ya ce haɗe-haɗe ya fi daɗin sauti. Wuta ba ta cika zuwa mana ba, sola gare ni, fanel biyu da batir ɗaya. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a kuɗin riɗi, ya saka wa yayanka da alheri. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a dunƙule: ko sifika tana ƙin amfilifayar da ba ta gidansu ba, da kuma wanda ya fi dacewa da gida irin naka, inda batir ɗaya ne yake ɗauke da komai.

Ta farkon ba ta da tsawo. Mai shagon bai gaya maka daidai ba. Sifika ba ta iya karatu ba, balle ta duba sunan da ke jikin abin da aka jona mata. In ka buɗe akwatin, maganaɗisu za ka tarar, da siririyar wayar tagulla a nannaɗe wadda muke ce wa koyil, da takarda mai siffar mazurari. Wuta ta shigo, koyil ya motsa, takardar ta turo iska, kunnenka ya ji. Abin da ya dame ta yawan wutar ne da tsabtarta. Na haura shekara 20 ina gyaran rediyo da amfilifaya a rumfata a Wudil, ban taɓa karɓar sifikar da bambancin suna ya ƙona ba. Waɗanda rashin lissafi ya ƙona kuwa, ban san iyakarsu ba. Duk da haka maganarsa tana da ɗan ƙamshin gaskiya a wani wuri, zan zo kansa.

Sunan da ke goshin akwati

Tun zamanin garmaho da kaset, manyan kayan sauti a rarrabe ake sayar da su: amfilifaya daban, rediyo daban, mai kaset daban, sifiku daban. Shi ya sa masana'antu suka daidaita a kan bakin waya iri ɗaya, wato jan nan da farin nan da ake kira RCA, ja na dama, fari na hagu. Akwai ma kamfanonin da suka yi suna a sifika, kamar Wharfedale da KEF na Ingila, mutane suna saye suna jona su da amfilifayar Japan. Da a ce haɗe-haɗe ƙona kaya yake yi, da kasuwarsu ba ta kai yau ba.

Sannan shi kansa sunan ba ya nan yadda muka san shi. National ɗin da iyayenmu suke rantsuwa da ingancinta, da Panasonic, da Technics, duk 'ya'yan gida ɗaya ne. Kenwood ɗin taka ta haɗe da JVC tun 2008. Denon da Marantz sun koma ƙarƙashin inuwa ɗaya a 2002, shekarar da Sony ta haɗiye Aiwa. Onkyo ta karɓi ɓangaren kayan gida na Pioneer a 2015, Onkyo ɗin kuma ta durƙushe a 2022. JBL yanzu a hannun Samsung take, tunda ta sayi uwar kamfanin, Harman, a 2017. Wasu tsofaffin sunayen ma haya ake ba da su, wata masana'anta dabam ta ƙera ta manna. To ko da ka zagaye Sabon Gari da titin Beirut ka samo sabuwar amfilifaya mai wannan suna, babu abin da ya haɗa ta da sifikun da aka ƙera shekara talatin baya in ban da haruffa. Ga kuma 'yan jabu, waɗanda sitika ce kawai jarinsu. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ake dubawa a bayan akwati

Juya sifikarka ka duba inda waya take shiga. Za ka ga lamba da wata alama mai kama da kofaton doki, ko an rubuta ohms. Mu om muke cewa. Irin naka galibi 8 ne ko 6. Ka ɗauki amfilifaya a matsayin injin ban-ruwa, sifika kuma tiyo. Om mai yawa siririn tiyo ne, ruwa kaɗan yake ja. Om kaɗan ƙaton tiyo ne, yana zuƙar ruwa da yawa, in injin ba na wannan aikin ba ne sai ya yi zafi ya tsaya. A bayan amfilifaya ma an rubuta abin da za ta iya ɗauka, misali 4 zuwa 16, ko 8 zuwa 16. Dokar ɗaya ce: kada om ɗin sifika ya gaza ƙaramar lambar nan. In ya fi ta, ba komai, ɗan ƙarfi ne kawai zai ragu.

Inda mutanenmu suke faɗawa rami shi ne wajen ƙara sifiku. In ka haɗa biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, ba 16 suka zama ba, 4 suka koma. Biyu masu 4 sun koma 2. Wani mai shayi a tasha ya taɓa kawo mini amfilifayarsa sau uku cikin wata biyu, kullum taransistocin fita, wato masu tura wuta zuwa sifika, su ne suke gasuwa. A na uku na ce sai na bi shi na gani da idona. Sifiku huɗu na mota masu om 4 ya ɗaure a gefe guda, wai don 'yan acaɓa na can tsallake su ji. Om ɗaya tak ke nan. Kuma da duka biyar ɗin sunansu ɗaya, haka za su ci gaba da ƙonewa.

In rubutun ya goge, kowane mai gyara yana da mitar auna om. Mai om 8 takan nuna wajen 6 zuwa 7, mai 4 kuma wajen 3 da ɗoriya. Hakan daidai ne, ba lalacewa ba ce.

Sai wat. A nan ne kasuwa ta fi yi wa mutane rufa-ido. Za ka ga kwali an zabga 3,000W ko 5,000W, a gefe da ƙananan haruffa an sa PMPO. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, ado ce. Wadda ake aiki da ita ita ce mai RMS a gefenta, ita ce take nuna ainihin ƙarfin na'urar. In ba ka gan ta ba, duba inda wayar wuta take shiga, an rubuta abin da na'urar take ci. Abin da yake cin wat 60 daga soket ba shi da inda zai samo dubu uku ya ba ka.

Abin da zai ba ka mamaki, ƙaramar amfilifaya ma tana iya kashe sifika. In aka murɗa ƙarama har ƙarshe, ƙarfinta ya ƙare, sai sautin ya fara tsagewa yana ƙarƙara, wannan gurɓatacciyar wutar kuma kai tsaye take tafiya wajen 'yar ƙaramar sifikar sama, tuwita, ta gasa ta. Saboda haka duk abin da ka saya, da zarar ka ji murya ta fara yagewa, rage. Yara ne ba sa ragewa, musamman in an ci ƙwallo.

Akwai lamba ta uku da ba kowa yake kula da ita ba, dB, kuma kai ta fi yi wa amfani. Tana nuna yawan ƙarar da sifika take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Duk ninkin wat, 3 kawai yake ƙarawa. Sifika mai 90 in ta samu wat 2 ta kai 93, wat 4 ta kai 96, wat 8 ta kai 99, wanda a ɗakin kwana sai maƙwabci ya leƙo. Mai 84 kuwa sai ta ci ninki huɗu kafin ta kamo ta. Manyan tsofaffin akwatunan katako yawanci ba su da ci, da wuta kaɗan suke cika ɗaki. Ƙananan na zamani su ne masu haɗama. Ka ga ashe abin da aka ce ka jingine shi ne ya fi dacewa da mai batir ɗaya.

Inda mai shago yake da gaskiya

Hom tiyatar da ake sayarwa a kwali ɗaya, uwa da 'ya'ya biyar da wufa, wato sifikar da take fitar da sauti mai nauyi, an ƙera ta ne ta zauna da junanta kawai. Da yawa sifikunta om 3 ne ko 4, bakin wayarsu na musamman ne mai launi-launi, kuma a cikin uwar aka saita yadda za a raba sauti, a hana ƙananan ɗaukar nauyin da ba za su iya ba. In ka ciro 'ya'yan nan ka jona su a amfilifayar da ta ce 8, ka nemo wa kanka aiki. Haka wufar da ba ta da waya, wadda take zuwa da doguwar sifikar nan ta ƙarƙashin talabijin, ba ta jin kiran kowa sai abokiyar zuwanta. Wannan rukuni ba a raba shi, ba a yi masa kishiya.

Wuri na biyu: dama da hagu. Su kam dole su zama tagwaye, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. In ɗaya Kenwood ce ɗaya wata aba dabam, murya za ta karkata gefe, kamar shanun huɗa da aka haɗa babba da ƙarami. Kai ka riga ka huta da wannan.

Na uku jin daɗi ne kawai. Kayan gida ɗaya sukan yi aiki da rimot ɗaya, tsayinsu da launinsu su dace. Ko wannan ɗin ya ragu yanzu, domin tsarin da yake sa rimot ɗin talabijin ya sarrafa sauti ta wayar HDMI abu ɗaya ne kowa ya raɗa masa suna, Samsung ta ce Anynet+, LG ta ce SimpLink, Sony ta ce Bravia Sync, kuma sau da yawa suna fahimtar juna wajen ƙarawa da ragewa. Ba na raina kyan gani. In uba ne ya zo mini yana haɗa kayan ɗakin 'yarsa, saiti nake ce masa ya ɗauka, don ranar jere ba wanda zai tambayi om, ido ne yake aiki, ga garanti, ga sauƙin jonawa. Kai kuwa ba jere za ka yi ba.

Aibin saiti sai ya kwana biyu yake fitowa. Komai a kan allo ɗaya yake, in wani ɗan aysi, wato ɗan baƙin abu mai ƙafafu da ke kan allon, ya mutu ba a samu irinsa ba, uwar ta tafi, 'ya'yan sun zama marayu. A bayan rumfata akwai buhu guda na irin waɗannan marayun. Haɗe-haɗe kuwa, abin da ya mutu shi kaɗai za ka canja, kamar yadda amfilifayar yayanka ta mutu ta bar maka sifiku da ransu.

Wuta ce za ta yanke hukunci

Da a cikin birni kake, da sai in ce ka nemi tsohuwar amfilifaya ta hannu, Yamaha ko Pioneer ko Technics ko ma wace ce, mai wat 40 zuwa 60 a kowane gefe, ka jona ka more. A ƙauye sai an ƙara tunani. Waɗannan tsofaffin suna da ƙaton taransifoma, kusan rabin wutar da suka ci zafi take zama, kuma ko an yi shiru suna ci. Sannan dole sai ta inbata, ita ma tana da nata cin. Batir mai 100Ah a bolt 12, lissafinsa wat 1,200 ne na awa ɗaya, kuma in irin na ruwa ne ko jel, rabi ya kamata ka taɓa in kana so ya yi shekaru. A cikin 600 ɗin nan ga fanka, ga ƙwan fitila, ga cajin waya, ga talabijin. Ƙari a kan haka, ƙananan inbatocin nan masu araha wutarsu ba sumul take fita ba, a kakkarye take, tana sa taransifoma gurnani da zafi, ka riƙa jin "zzzz" a ƙarƙashin karatu. In za a bi ta inbata, sai wadda aka rubuta wa pure sine wave, wato mai fitar da wuta sumul.

In duk da haka ranka ya kwanta da ta hannu, duba bolt kafin komai. Wutarmu 230 ce. Kayan da aka yi don Ingila da sauran Turai sun dace da mu. Na Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan 100. Ina yaron shago na taɓa cusa wata 'yar Japan a soket ban duba ba, ko ƙirga uku ban yi ba hayaƙi ya tashi. Wata biyu maigidana yana cire kuɗin naɗin taransifoma daga ɗan abin da yake ba ni. Ka kuma sa a buɗe maka murfi. In ka ga taransistoci a jere jikin ƙarfen sanyaya, irin su 2SC5200 da 2SA1943, ana samunsu a Kano. In wani baƙin faranti ka gani an rubuta STK, an daina yin na asali, na kasuwa yawanci jabu ne, gyaranta sai an yi sa'a.

Abin da ni zan yi a ɗakinka dabam ne. Akwai ƙananan amfilifayoyi na zamani da ake kira Class D, wasu ba su fi tafin hannu ba, suna aiki kai tsaye da batir ba ruwansu da inbata, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka ci sauti take zama. Da yawansu suna ɗauke da aysin TPA3116 na kamfanin Texas Instruments, suna zuwa da bulutut da wurin filash da memori, wasu har da FM. Kada rubutun 50W+50W ya ruɗe ka, sai an ba ta sama da bolt 20 a kan sifika mai om 4 take kaiwa nan. A bolt 12 da sifika mai om 8, abin da za ka samu bai wuce wat 8 zuwa 9 a kowane gefe ba. Amma ka tuna lissafin da muka yi a sama. Ga ɗaki ɗaya da manyan akwatuna irin naka, ya isa har ya yi saura. In daga baya ka ga kana son ƙari, akwai ɗan allo mai ɗaga wuta daga 12 zuwa 19 ko 24, ranar da aka kawo wuta kuma cajar laftof mai bolt 19 tana tuƙa ta lafiya. Abu ɗaya: iyakar aysin nan bolt 26 ne, batir biyu da aka jera suka ba da 24 kuwa sukan haura 28 lokacin da rana take caji. Kada ka jona kai tsaye in ka ƙara batir.

Rediyon mota ma hanya ce, mutane da yawa a karkara da ita suke amfani, kuma kamun tasharta ya fi na ƙananan nan nesa ba kusa ba, in labarai ne suka fi damunka. An yi ta don om 4, mai 8 ba za ta cutar da ita ba. Da ita da Class D ɗin duka, kowace sifika da wayoyinta biyu, kada wani ya ce maka a haɗe baƙaƙen wuri ɗaya don tattalin waya, hakan yana iya kashe ta. Ka sa fiyus kusa da kan batir, kuma ka tabbata ja a ja, baƙi a baƙi.

Wata da zan ce ka kauce mata ita ce amfilifayar masallaci, irin su Ahuja. Tana da ƙarko, da yawa suna karɓar batir, amma don lasifikar ƙaho aka yi ta, baki ɗaya take fitarwa babu dama da hagu. A bayanta akwai wurin da aka rubuta 70V ko 100V, in ka kuskura ka sa sifikar gida a nan, sai dai wani labarin.

Maganar ƙwallo kuma, ɗauko sauti daga bayan dikoda ta jan nan da farin nan ya fi sauƙi. In talabijin ɗin ne kawai, nemi ramin iyafis. Wasu sababbin ramin haske kawai gare su, wanda aka rubuta wa optical, sai an sayi ɗan akwatin da yake juya shi zuwa RCA.

Kafin ka kashe ko kwabo

Daga nesa nake magana, ban ga sifikun nan ba, kuma duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan suna da lafiya. Kayan da suka yi shekaru a jingine a ɗakin ƙauye, abubuwa da yawa suna samunsu. Cire ragar gaba ka duba zoben da ya kewaye takardar. In na soso ne, zafin bazara yakan mai da shi gari, ka taɓa ya zube. Ana canja shi, ba tsada. Sa yatsu a kewayen tsakiya ka tura a hankali. In ka ji yana gogawa kamar akwai yashi, koyil ya taɓu. Ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 ka ɗan taɓa a bakin wayoyin, lafiyayya za ta ce "ɗum" ta motsa. In kan batirin yana kan jan baki, waje ya kamata ta turo, kuma duka biyun su yi iri ɗaya. In ɗaya tana turowa ɗaya tana shigewa, an juya waya, nauyin sautin zai ɓace ka zaci amfilifaya ce ba ta da kyau. Leƙa ramin iska ko zanzaro ya yi gini, ƙwanƙwasa gindin akwatin ko gara ta shiga.

In sun tsallake wannan, ɗora ɗaya a mota ka tafi da ita wajen mai sayarwa, da wayarka mai ɗauke da karatun da kunnenka ya saba da shi. An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka jin ne gaba. Masu shago suna son kunna kiɗa mai dukan ƙirji, domin yana rufe aibi. Kai muryar mutum za ka gwada: shin kana rarrabe sin da sad, kana jin numfashin mai karatu, ko kuwa kamar daga cikin randa yake magana? Ka sa a kunna da batir mai bolt 12, ba da wutar shago ba, a bar ta minti goma, ka taɓa ka ji zafinta. Daɗin sauti kam kowa da kunnensa, wanda ya ce maka haɗe-haɗe ya fi daɗi ma bai cika daidai ba, yakan fi ne in an haɗa da sani.

A gida, ɗora su a kan benci ko bulo su kai tsayin kunnen wanda yake zaune, ka ɗan janye su daga bango kamar taƙi ɗaya ko biyu, ka bar tazarar kamar mita biyu a tsakaninsu. In ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, ka yi dace, ba ya amsa kuwwa kamar na siminti da tayil. In na kwano ne ba silin, labule da darduma da katifa za su taimaka. Lokacin hunturu ka riƙa rufa wa amfilifayar ƙyalle saboda ƙura, amma sai bayan an kashe ta.